Yadda Ake Zama a Gidan da Bishiyoyi Suka Kewaye, da Abin Yi Idan Ɗaya Ta Faɗi

Ɗanyen itace ya fi yadda ido ke gani nauyi. Gungume mai kaurin santimita 50 daga gefe zuwa gefe, tsawonsa mita ɗaya kacal, yakan doshi kilo 200. To ina ga bishiya sukutum mai tsayin mita 20 da rassanta? Saboda haka duk wanda gidansa ke cikin bishiyoyi, aikinsa na farko shi ne ya san waɗanne ne za su iya kaiwa kan rufinsa, na biyu kuma ya iya karanta alamun da bishiya ke nunawa kafin ta faɗi. Ba kasafai take faɗuwa ba tare da ta nuna wani abu ba, sai dai a ce ba a duba ba.

Fara da sanin wadda za ta kai gida

Ba kowace bishiya ce abin damuwa ba. Ruɓaɓɓiya da ke can nesa, inda ba gini, ba hanya, ba wurin wasan yara, ana iya ƙyale ta ta faɗi a lokacinta. Wadda za a sa wa ido ita ce wadda tsayinta ya kai ko ya wuce nisan da ke tsakaninta da ɗakin kwana, wurin ajiye mota, wayar lantarki ko gidan maƙwabci.

Ga yadda ake auna tsayi ba tare da an hau ba. Ka samu miƙaƙƙiyar sanda, ka riƙe ta a tsaye, hannunka a miƙe sosai, ta yadda abin da ya rage na sandar a saman hannunka ya yi daidai da nisan da ke tsakanin idonka da hannun. Ka riƙa ja da baya har saman hannunka ya dace da gindin bishiyar, saman sandar kuma ya dace da ƙololuwa. Nisan da ke tsakanin ƙafarka da gindin, kusan shi ne tsayin bishiyar. Ka auna shi da taku ko da tef, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai, domin rassa suna tarwatsewa gaba da inda kan bishiyar ya sauka. Sai ka zana gidan a takarda, ka sa wa kowace bishiyar da ta shiga wannan iyaka lamba, ka rubuta ɓangaren da ta karkata.

Dubawa: daga ƙasa ake farawa

Mutane sukan ɗaga kai su ga ganye kore shar su ce bishiya lafiyarta ƙalau. Ganye ba shaida ba ne. Ruwa da abincin bishiya suna bi ta siririn sashen da ke ƙarƙashin ɓawo ne, don haka cikinta na iya zama kogo, saiwoyinta rabi sun ruɓe, ganyenta kuma yana nan lif. A sauke ido ƙasa tukuna.

Ka kewaya gindin a hankali, ka share ciyawa da busasshen ganye. Abin da ya fi komai tsoratarwa shi ne ƙasa ta kumbura ko ta tsage a ɓangaren da bishiyar ta juya wa baya, wato kishiyar inda ta karkata. Wannan yana nuna saiwoyin sun fara ɗagowa. Idan ka ga haka, musamman bayan ruwan sama, kada a kwana a ɗakin da ke gabanta daga wannan daren. Bishiyar da ta taso a karkace tun tana ƙarama tana neman rana daban ce, takan miƙe daga sama, ƙasan gindinta kuma ba ya motsi. Sabuwar karkata ita ce matsala. Don ka bambance, ka ɗauki hotonta daga wuri ɗaya, a jikin wani abu da ba ya motsi kamar kusurwar bango, ka sake ɗauka bayan kowace iska mai ƙarfi.

Sai ka nemi naman kaza ko wani tsiro mai tauri da ke fitowa a jikin gindi ko a kan saiwoyi. Abin da ka gani a waje ɗan kaɗan ne, ainihin cutar tana ciki tana cin itacen tun da daɗewa. Ka nemi hanyar gara, da garin itace da ƙwari suka zubo, da wurin da ɓawo ya saɓule ko ya lotsa. Lafiyayyar bishiya takan buɗe daga ƙasa inda manyan saiwoyi suka fita. Wadda ta shiga ƙasa sambal ba buɗewa, ko dai an binne gindinta da ƙasa, ko wata saiwa ta naɗe ta tana shaƙe ta.

Daga nan ka ɗauki guduma ta katako ko ta roba ka riƙa ƙwanƙwasa gindin kewaye. Lafiyayyen itace ƙararsa gajeriya ce mai tauri, mai kogo kuwa yakan yi amo. Idan akwai rami a buɗe, ka zura siririn ƙarfe ka ji inda taushi ya ƙare. Kogo shi kaɗai ba ya yanke wa bishiya hukunci, domin ƙarfinta yana gefe ne ba a tsakiya ba. Ma'aunin da masu aikin suka saba amfani da shi shi ne kada lafiyayyen itacen da ya kewaye kogon ya gaza kashi ɗaya cikin uku na nisan da ke tsakanin ɓawo da tsakiya. Misali, gindi mai kaurin santimita 60, daga ɓawo zuwa tsakiya 30 ke nan, ana so a samu aƙalla santimita 10 na itace mai kyau. Idan kuma bakin ramin ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kewayen gindin, wannan lissafi bai isa ba, sai an kira masani.

Yanzu ka ɗaga kai. Inda gindi ya rabu biyu ya yi gwafa, ka duba siffar haɗin. Idan ya buɗe kamar harafin U, itacen ya haɗe da kyau. Idan ya matse kamar V, akwai yiwuwar ɓawo ne ya maƙale a tsakani, sassan biyu suna ture juna suna ƙara kauri ba tare da sun haɗe ba. Tsaga a wurin, ko baƙin ruwa da ke tsiyaya, alama ce ta an kusa. Ka lura da busassun rassa, da waɗanda suka karye suka rataye a sama, da dogon reshe mai nauyi da ya miƙe a kwance a kan rufi. Irin wannan reshe na iya ɓallewa da rana tsaka lokacin zafi ba ko iska, kuma bishiyar turare ta yi suna a kan haka.

A yi wannan zagaye sau biyu a shekara, kafin lokacin iska da ruwa da kuma bayansa, a ƙara da duk safiyar da aka kwana ana guguwa.

Abubuwan da masu gida ke yi da hannunsu

Yawancin saiwoyin bishiya suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, suna kuma bazuwa nesa da inda inuwarta ta tsaya. Wanda ya haƙa ramin bututun ruwa ko harsashin katanga kusa da gindi ya datse manyan saiwoyin ɓangare guda, ya cire abin da ke riƙe da bishiyar ke nan, ko da ba a ga komai a ganye ba. Illar takan bayyana bayan shekara biyu, uku, har biyar, lokacin da kowa ya manta da haƙan. Ƙa'idar da masu gini ke bi a Birtaniya tana da sauƙin riƙewa: a auna kaurin gindi a tsayin mita ɗaya da rabi, a ninka sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da za a ƙyale ba haƙa ba gini. Gindi mai santimita 50, mita 6 ke nan ta kowane ɓangare. Idan dole bututu ya ratsa, a haƙa da hannu a bi ta ƙarƙashin manyan saiwoyi, kada a sare su.

Jibge ƙasa a kan saiwoyi, dafe wurin da siminti, ajiye motoci a gindi kullum har ƙasa ta daddale, ƙona shara a jikin bishiya, ɗaure ta da waya a bar ta tana cin ɓawo, duk hanya ɗaya suke bi.

Akwai kuma kuskuren da ake yi lokacin share fili. A sare kurmi a bar dogayen bishiyoyi ɗaiɗai kusa da gida don inuwa. Waɗannan sun taso ne cikin 'yan'uwansu suna kare juna daga iska, don haka dogaye ne sirara, saiwoyinsu ba su bazu ba. Da zarar an bar su su kaɗai, su ne na farko a ƙasa. Masu kula da gandun daji suna raba tsayi da kauri, duka biyun a santimita, idan amsar ta haura 80, kamar bishiya mai mita 24 da kaurin santimita 28, ana ɗaukarta mai rauni a gaban iska. Gara a bar su rukuni-rukuni, ko a zaɓi gajeru masu kauri.

Rage rassa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar a zahiri take: gwafar da za ta tsage nan da shekara 20, yau da ƙaramin zarto ake cire ɗaya daga cikin sassanta. A kan manya kuwa, a cire matattun rassa, a bar tazarar mita 2 zuwa 3 tsakanin reshe da rufi, kada kuma a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen ganye a shekara guda.

Reshe mai nauyi yanka uku ake yi masa. Na farko daga ƙasa, kamar santimita 30 daga jikin bishiyar, a shiga kashi ɗaya cikin uku. Na biyu daga sama, ɗan gaba da na farko ta wajen ƙarshen reshen, har ya faɗi. Yankan ƙasan shi ke hana reshe ya yage ɓawo ya sauko da shi jikin gindi. Na uku shi ne cire guntun da ya rage, daidai bayan ɗan kumburin da ke wuyan reshen. Kada a taɓa kumburin nan, shi ne ke rufe ciwon. Ba a buƙatar shafa fenti ko kwalta, sukan riƙe danshi ne kawai.

Guntule kan bishiya gaba ɗaya don a rage mata tsayi ba magani ba ne. Wurin yankan yakan ruɓe, sababbin rassa su fito da yawa da sauri, ba su kama itacen ciki ba, bayan 'yan shekaru su ne ke ɓallowa. Duk aikin da zai sa ƙafa ta bar ƙasa da injin zarto a hannu, ko reshen da ke kusa da wayar lantarki, na masu sana'ar ne da igiyoyinsu. Tsani da injin zarto ba sa haɗuwa.

Idan hadari ya taso

A ma'aunin iska na Beaufort, daga kilomita 62 zuwa 74 a awa ƙananan rassa ke fara karyewa, daga 89 zuwa 102 kuma bishiyoyi ke tumɓukewa. Amma idan an kwana biyu ana ruwa ƙasa ta jiƙe sharkaf, iskar da ba ta kai haka ba ma ta isa, domin saiwa ba ta da abin kamawa. A irin wannan dare a ɗauko takardar nan da aka zana. A janye mota, a mayar da masu kwana ɗakin da ya fi nesa da manyan bishiyoyi, a ƙasa idan gidan bene ne. A ajiye tocila, takalma masu tauri da waya mai caji kusa da hannu. Kada kowa ya fita duba abin da ya faɗo ana cikin iska, kuma a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a shiga ƙarƙashin bishiyoyi.

Ta faɗi, sai me?

Kafin komai, lantarki. Duk wayar da ke ƙasa ko ta sarƙe da rassa a ɗauka da wuta a jikinta, ko da unguwa ta yi duhu, domin ana iya maido da ita ba sanarwa. Ɗanyen itace da jiƙaƙƙiyar ƙasa suna ɗaukar wuta. A tsaya nesa da aƙalla mita 10, a kira kamfanin lantarki. Wanda waya ta faɗo wa a mota ya zauna ciki. Idan gobara ta tilasta masa fita, ya yi tsalle ƙafa biyu a haɗe ba tare da ya taɓa mota da ƙasa lokaci guda ba, ya tafi yana jan ƙafa.

Idan a kan gida ta sauka, kowa ya fita, a kashe wuta daga babban makunni idan ana iya kaiwa gare shi lafiya, a rufe gas. A ɗauki hotuna daga kowane ɓangare kafin a taɓa komai, saboda inshora ko maganar maƙwabci. Kada a hau rufin, kada kuma a fara yanka daga ƙasa. Gindin da ya jingina da gini, da an rage masa wani sashe nauyinsa zai koma wani wuri, ya murgina ko ya ƙarasa danne bangon. Wannan aikin motar ɗaga kaya ne ko masu igiya. Abin da mai gida zai iya shi ne kwashe kaya daga ɗakunan da ba su taɓu ba, da rufe su da tamfol. Idan za a tayar da janareto, a waje, mita 6 daga ƙofa da taga.

Wadda ta faɗi a fili ita ce mutane ke rainawa, kuma a nan ake yawan jin ciwo. Bishiyar da ke kwance ba ta huta ba, kowane sashe nata ko a matse yake ko a ɗame. Kafin a tayar da inji a ɗaga kai a ga ko akwai reshe a rataye a bishiyoyin kusa. A sa hular kwano, abin kare ido da kunne, wandon kariya na masu injin zarto, da takalmi mai ƙarfe a baki. Kada a yi aikin mutum ɗaya, amma mataimaki ya tsaya nesa.

Ana farawa da ƙananan rassan da ba sa ɗauke da nauyi, a kwashe su don a ga abin da gindin ya dogara a kai. Rassan da suka tokare ƙasa su ne ƙafafunsa, a bar su sai ƙarshe. A wuri mai gangara a tsaya ta sama.

Sai karanta gungumen. Idan ya dogara a ƙarshensa biyu tsakiya na lilo, samansa a matse yake, ƙasansa a ɗame. A fara yanka daga sama kashi ɗaya cikin uku, a ƙarasa daga ƙasa. Idan kuwa gefe ɗaya ne ya dogara ɗayan yana reto a iska, abin ya juya: a fara daga ƙasa kashi ɗaya cikin uku, a ƙarasa daga sama. Kullum ɓangaren da ke matse ake fara shiga. Wanda ya juya tsarin, ko itace ya cije masa inji, ko ya tsage ya buge shi. Ka riƙa kallon bakin yankan: idan yana rufewa, zare injin tun bai kama ba. Idan ya riga ya cije, a kashe shi, a buga weji, wato guntun katako ko roba mai siririn baki, a buɗe, kada a fizga.

Ƙaramar bishiya ko reshen da babbar ta danne ya lanƙwashe, baka ne da aka ja aka riƙe, kuma yakan karya haƙarƙari ko muƙamuƙi. Ana tsayawa ta cikin lanƙwasar, a riƙa yi masa ƙananan yanka marasa zurfi a cikin gwiwar har ƙarfin ya saki a hankali.

Wadda ta tumɓuke da saiwoyinta tana da wani tarkon. Faifan ƙasa da saiwa da ya miƙe tsaye nauyin gindin ne ke riƙe da shi. Da an raba su zai iya komawa raminsa cikin ƙiftawar ido, guntun gindin ya tashi sama, ko ya kifo kan mai yanka. A hana yara shiga ramin tun daga ranar farko. Wannan, da bishiyar da ta faɗi ta maƙale a jikin wata, ba aikin mai koyo ba ne. A kewaye wurin da igiya a kira masu na'urar ja.

Game da injin kansa: kada saman tsinin ƙarfensa ya taɓa komai, nan ne yake harbowa ya dawo fuskar mutum. Hannu biyu, babban yatsan hagu a naɗe da mariƙi, ba a yanka sama da kafaɗa, a sa birkin sarƙa duk lokacin da za a taka. Yawancin injuna suna shan fetur da mai 50 bisa 1, wato mililita 100 na man gaurayawa a lita 5 ta fetur, amma a duba littafin injin. Idan ya daina fitar da ɓarɓashi ya koma fitar da gari, sarƙa ta dakushe, kuma taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya jawo haka.

Kayar da wadda ke tsaye

Mai gida zai iya kayar da ƙarama, miƙaƙƙiya, lafiyayya, wadda kaurinta bai kai tsawon ƙarfen injinsa ba, kuma ba gini ko waya a inda za ta kai. Mutane su ja baya ninki biyu na tsayinta. A share hanyoyin gudu biyu ta baya, kowacce a karkace, ba daidai bayan gindin ba. A ɓangaren da ake so ta faɗi a yanke baki mai faɗi, kamar digiri 70, zurfinsa kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na kauri, yankan sama da na ƙasa su haɗu daidai ba wanda ya zarce. Sai a yanka daga baya, daidai da kusurwar bakin ko ɗan sama kaɗan, a bar kashi ɗaya cikin goma na kaurin ba a yanke ba. A bishiya mai santimita 30, baki santimita 6 zuwa 7 da rabi ke nan, abin da za a bari kuma 3. Wannan ɗan itacen da aka bari shi ke riƙe bishiyar yana jan ta inda aka nufa, wanda ya cinye shi ya saki linzami. A sa weji tun da wuri kada ta zauna a kan inji. Da ta fara tafiya, birki, a bi hanyar gudu, kada a tsaya kallo.

Mai karkata sosai takan tsage a tsaye tun ba a gama yanka ba, gindin ya harbo baya. Ruɓaɓɓiya kuma ba ta da itacen da zai riƙe ta. Duka biyun a bar wa masu sana'a, a kuma tambaye su inshorarsu da yadda za su sauke ta kafin a yi ciniki. A wurare da dama sai da izinin hukuma ake sare babbar bishiya, ko da a filin mutum take, don haka a bincika tukuna.

Bayan an kwashe, a duba kututturen da saiwoyin da suka fito. Idan sun ruɓe, sun yi laushi ko fari-fari, a binciki sauran bishiyoyi irinta da ke kusa, domin ruɓar saiwa tana bi ta ƙasa daga wata zuwa wata. Waɗanda ke bayan gurbin da ta bari yanzu iska na dukansu ta inda ba su saba ba, sai a sa su a sahun farko na dubawa har shekara biyu ko uku masu zuwa.